Sakamakona Yana Cikin Kabad ɗin Dakta

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Sashen Nazarin Turanci da Adabinsa, na jami'ar da na yi karatu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Farfesa yana cikin ƙoshin lafiya tare da iyali da sauran malamaina na sashe. Allah ya ƙara wa aiki albarka.

Ranka ya daɗe, sunana Fanna Grema, daga wani ƙauye da ke gabas da Guri a ƙasar Haɗejiya. Ɗalibarka ce ni, ko kuma tsohuwar ɗalibarka. Wanne ne daidai a cikin biyun, shi ne abin da nake roƙon sashe ya faɗa mini. Ban ambaci sunan jami'ar ba, domin ta koya mini abubuwa da yawa, ba na son mutanen waje su yi mata dariya. Waɗanda maganar ta shafa za su gane kansu. Kai da kanka ka koyar da mu tarihin ƙagaggen labari a aji biyu. Ni ce mai zama a layin gaba kusa da taga, wadda ka ce rubutunta ya cika ƙanƙanta.

Na aiko wa ofishinka wasiƙu bakwai da Turanci, kowace a kan tsarin da aka koya mana a aji ɗaya. Ba a amsa ko ɗaya ba. Wannan ta takwas da Hausa na rubuta ta, na kuma buɗe ta ga jama'a, don a karanta wa mahaifina ya ji da kunnensa. Ya fara zargin ni ce ba na bibiya.

Na ɗaya. Ina so a san cewa ba turo ni aka yi wannan sashe ba, ni na zaɓe shi. Mahaifina, Baba Grema, masunci ne, kuma yana noman shinkafa a fadama. Ranar da na gaya masa abin da zan karanta ya tambaye ni, “Turancin da kika yi shekara shida kina koya a sakandare, bai ƙare ba?” Na ce masa wannan labaransu ne da waƙoƙinsu da wasanninsu. Ya ce, “To, ki je ki ji abin da suke cewa.” Na je na ji. Na karanta littattafan da wasunsu sun fi tubali kauri. Na rubuta shafi shida a kan dusar ƙanƙarar da ke sauka a kan itatuwa, abin da ban taɓa gani ba, aka ba ni maki mafi girma a ajin. Na ji daɗin karatun nan ƙwarai, kuma har yau ba na nadamarsa. A cikin shekara huɗu ban faɗi darasi ko ɗaya ba.

Na biyu. Damina uku ke nan da suka wuce, muna jarrabawar ƙarshe ta aji huɗu, aka sami tazarar kwana biyar tsakanin takarda da takarda. Mahaifiyata tana kwance ba lafiya, sai na zo gida ranar Alhamis don in duba ta. Takardar da ta rage mini ɗaya ce, ta waƙoƙin Turawa a kan daji da koguna da yanayi, ranar Litinin da ƙarfe tara. Na yi niyyar komawa ranar Asabar. Da gari ya waye ranar Asabar, ruwa ya shanye hanyar da ke fita daga ƙauyenmu, ya shiga gonaki, ya kai bakin masallaci. Ranar nan ba wanda ya fita, kowa yana ɗora buhunan ƙasa yana kwashe hatsi.

Ranar Lahadi da sassafe Baba ya ajiye aikin gidansa ya ɗauke ni a kwale-kwale. Littattafaina na ƙulle su a leda na ɗora a kai. Ciyawar kacala ta toshe mashigar da ya saba bi, sai da muka zagaya ta bayan gonakin mutane, yana tura jirgin da gora, wani wurin ya sauka ya ja shi ruwa har ƙirji. Mutum ne da ya haura sittin. Bayan la'asar muka kai inda ƙasa ta bushe. Ya sauke ni, ya ce Allah ya ba da sa'a, ya juya don kada duhu ya same shi a ruwa. Kwalbati ya karye a gaba, motoci ba sa wucewa, sai na bi masu tafiya a ƙafa, daga baya na sami babur zuwa Haɗejiya, na kwana gidan gwaggona. Motar farko ta Litinin na shiga. Na isa ƙofar zauren jarrabawa ƙarfe goma sha biyu saura minti ashirin, zanina da laka har gwiwa. Mai tsaron jarrabawar ya duba agogo, ya dubi ƙafafuna, ya ce ba zai iya barina in shiga ba. Ba ni da ƙorafi a kansa, doka ya bi.

Na uku. Jami'in jarrabawa na sashe ya ce akwai dama a shirya mini jarrabawa ta musamman, amma sai na kawo shaidar cewa an yi ambaliya. Na nuna masa lakar. Ya ce shaida a rubuce yake nufi.

Da ruwa ya janye na je wurin Bulama, wato mai garinmu, ya sa aka rubuta takarda, ya buga hatiminsa. Na kawo. Jami'in ya ce da Hausa take, kuma harshen aiki a jami'a Turanci ne. Da Hausa ya gaya mini haka. Na zauna a barandar ofis na fassara ta, na miƙa masa. Ya karanta ya yaba fassarar, sannan ya ce ba za a karɓa ba, domin ni ce mai ƙara, ba zan zama mai fassara ba. Na koma Guri, shugaban wata makarantar firamare ya fassara, ya sa hannu, ya buga hatimin makaranta. Wannan karon aka karɓa, aka buɗe mini fayil mai launin ruwan ƙasa, aka ce in jira zaman kwamiti.

Kwamitin bai zauna ba duk tsawon ranin nan. Ruwan farko na damina da ya sauka, rufin ofishin jarrabawa ya yi yoyo daidai kan tebur. Da na zo, jami'in ya ɗago mini fayil ɗin da yatsa biyu. Takardun sun manne da juna, tawadar Bulama ta bi ta kan ta shugaban makaranta. Ya ce, “Kin ga abin da ruwa ya yi.” Na ce na gani. Ya ba ni shawara a matsayinsa na uba, cewa tunda shekara ta riga ta zagayo, gara kawai in maimaita darasin tare da 'yan bayanmu. Na karɓi shawarar.

Na huɗu, kuma nan ne ainihin kukana. Na maimaita darasin. Wannan karon tun kafin jarrabawa da wata guda ban taka ƙauyenmu ba. Na zauna, na rubuta, na fito. Bayan mako biyu na haɗu da malamin darasin, wanda zan kira Dakta kawai, a kan matakalar sashe. Ya ce, “Fanna, kin ci, kuma ci mai kyau.” Mutumin kirki ne, ba ya wulaƙanta ɗalibi, ina so a rubuta wannan ma.

Sai dai an ce sakamakon mai maimaici ba ya tafiya tare da na sauran aji, takardarsa daban ce. A wannan shekarar ni kaɗai ce mai maimaicin darasin. Dakta ya miƙa sakamakon kowa, nawa kuma ya sa shi tare da takardar amsata a cikin kabad ɗinsa na ƙarfe, da niyyar ya kawo washegari. Washegarin takardar hutun ƙaro iliminsa ta fito. A cikin mako guda ya bar ƙasar. Makullin yana cikin makullan da ya tafi da su.

Shekara biyu ke nan. Na same shi a waya, ya ba ni haƙuri sosai, ya ce da zarar ya dawo abin da zai fara yi ke nan. Daga baya aka ƙara masa wa'adi. Na roƙe shi ya aiko da makin a rubuce, ya ce ya tuna na ci, amma bai tuna nawa ba, kuma ba zai rubuta abin da ba shi da tabbas a kansa ba. Ban ga laifinsa ba. Na roƙi a aiko da makullin, aka ce an ba wani mai zuwa gida, mutumin ya zo, makullin da ya kawo na tsohuwar motar Dakta ne.

Hajiya sakatariyar sashe, Allah ya saka mata da alheri, ita ta kai ni sashen gyare-gyare na jami'a. Suka ce ba za su fasa kabad ba sai da izinin mai shi a rubuce. Na sake kiran Dakta. Ya ce ba shi da ikon ba da izini, domin kabad ɗin ba nasa ba ne, na jami'a ne. Na koma na gaya musu. Suka ce to sai jami'a ta rubuto. Na tambaya wane ne jami'a a nan, suka ce in tambayi sashe. Abin da wasiƙuna bakwai suke tambaya ke nan.

Ranka ya daɗe, na ga kabad ɗin da idona. Hajiya ta buɗe mini ofishin sau ɗaya. Mai launin toka ne, na biyu daga ƙofa, an ɗora masa tsohuwar fanka a kai. Na sa hannu na taɓa shi, na fito.

Na biyar. Ga abin da wannan ya jawo mini. 'Yan ajinmu sun yi bautar ƙasa sun gama, wasu sun kama aiki, ɗaya ma ta dawo sashen tana digiri na biyu, ita ke gaya mini ko ofishinka a buɗe yake kafin in shiga mota. Sau biyu ana ɗaukar malaman makaranta a yankinmu, sau biyu ina zuwa da takardar sakandare da dogon bayani. Masu tantancewa suna saurara har ƙarshe, su ce Allah ya kyauta, su kira na gaba. Yanzu ina koyar da Turanci a wata ƙaramar sakandare a Guri a matsayin 'yar sa-kai. Yara suna ce mini Malama, a rajistar makaranta kuma ba sunana.

Ba wannan ne ya fi damuna ba. Ni ce mace ta farko daga ƙauyenmu da ta shiga jami'a, kuma mutane suna kallo. 'Yar Bulama, Amina, ta gama sakandare bara da sakamako mai kyau, tana son ta karanta abin da na karanta, littattafaina duk suna hannunta. Bulama bai hana ba. Abin da ya ce a gaban mutane shi ne, “A bari mu ga takardar Fanna tukuna.” Akwai iyaye biyu da suka bi bayansa da wannan magana. Ba zan ce ba su da hujja ba, domin Bulama da hannunsa ya buga hatimi a kan takardata, ya san tun yaushe ake yi.

Baba kuwa ba ya faɗa. Duk lokacin da na dawo daga jami'a yana zaune yana gyaran komarsa ta kamun kifi, sai ya ɗago ya ce, “An buɗe?” In ce ba a buɗe ba. Sai ya ci gaba da ɗinkinsa. Watan jiya ne kawai ya ce in tambaya ko za a yarda ya zo da gatarinsa. Na ce masa ba haka ake yi a jami'a ba. Ya tambaye ni yadda ake yi.

Saboda haka, cikin ladabi, ga buƙatuna.

A buɗe kabad ɗin a gaban shaidu, a fitar da takardata, a miƙa sakamakon inda ake miƙawa. Idan an buɗe aka tarar gara ta cinye ta, ko ba ta ciki, a shirye nake in rubuta jarrabawar karo na biyu, ko gobe ne, domin waƙoƙin nan yanzu na haddace su. Ina kuma roƙon a ba ni takarda mai hatimin sashe da ke cewa na kammala karatu, sakamako ɗaya ake jira, don in daina bayani da baki. Sannan a duba sauran abin da ke cikin kabad ɗin, ba ni da tabbacin ni kaɗai ce a ciki.

Don sauƙaƙa wa sashe, na yi magana da wani mai walda da ke bakin ƙofar jami'a. Na kwatanta masa kabad ɗin da irin makullinsa, ya ce aikin minti goma ne, kuma ba zai lalata ƙofar ba. Ranar Litinin mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu zo tare da shi da ƙarfe tara mu zauna a kan bencin da ke ƙofar ofishinka. Ba zai taɓa komai ba sai ka ce ya taɓa.

Ina roƙon Allah ya ƙara wa Farfesa lafiya da nisan kwana, ya ɗaukaka sashenmu, ya dawo da Dakta gida lafiya da ilimi mai amfani. Idan akwai inda harshena ya yi kaifi a cikin wannan takarda, a yafe mini.

Wassalam.

Ɗalibarka,
Fanna Grema,
Guri, ƙasar Haɗejiya.