Kwalbar da Inna Ta Sawo a Achida

Wurno, Litinin.

Zuwa ga ƙanwata Nafisa,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina ɗawainiyar yara? Ya maigidanki da mutanen Taloka? Allah shi sa kowa lafiya.

Nafisa, ke kin san mi Inna ke haɗiya kullum bayan kalaci? Tun da anka yi mata aikin dajin nono a Sakkwato, anka ɗora ta bisa ƙwayar da ke hana cutar dawowa, kin ga yadda take. Al'ada ta ɗauke, tana cikin tankaɗe sai zafi shi taso mata, zufa ta jiƙe kallabi. To, wani mai mota da lasifika a kasuwar Achida ya sayar mata da kwalbar ƙwayoyi, wai ganye ne zalla. Zufar ta ragu, ban musa ba. Shi ya sa ta jefa ƙwayar asibitin cikin kwalla ta rufe.

Na bi rubutun kwalbar a waya, kalma-kalma, har idona ya yi ja. Furen wani tsiro ne na ƙasar Turawa, hops, mai wani abu da ke aiki a jiki kamar sinadarin mata. Masu bincike sun ce wataƙila shi rage zafin ga, amma ba su gama ba. Kuma duk inda na duba gargaɗin guda ne: wadda ta taɓa cutar nono kada ta sha sai da izinin likita. Ita ko ƙwayar asibiti aikinta ke nan, ta tare wanga sinadari.

Ni ɗan fari ne. Matar da ba ta taɓa kiran sunana ba, da wane baki zan ce mata nono, in ce al'ada? Sai na yi dabarar banza, na aika ta bakin Baba cewa da furen ga ake yin giya. Gaskiya ne kuwa. Ta tambayi malamarsu ta Islamiyya, anka ce fure ba shi sa maye. Yanzu da fatawa take sha!

Ke tana jin maganarki. Don Allah ki taho, tsoro nike ji.

Yayanki,
Musaddiq.

Wurno, Asabar.

Nafisa,

Gaisuwa mai yawa. Da fatan kin isa gida lafiya. Allah shi biya ki kai Inna asibiti da kinka yi.

Sakamakon ƙullutun da likita ta taɓo a hammatarta bai fito ba. Ko famfo na tayar a fadama, hankalina na ga waya. Inna ta koma ga ƙwayar asibiti, zafin ya dawo sabo, mahuci ba shi barin hannunta.

Jiya ta turo min tuwo, sai ga kwalbar bisa faifai, gefen kwano. Ba saƙo, ba komi. Na daɗe ban iya cin tuwon ba.

Ki gaida yara. Ki yi ta addu'a.

Naki,
Musaddiq.

Af, ran kasuwar Achida da kwalbar za ni. Kada ki ce in yi haƙuri. Ba dukansa zan yi ba, tambaya ce: cikin matan da ya sayar wa, wace ya taɓa tambaya ko an yi mata aiki? Kuma ba a kunnena zai amsa ba. Da lasifikar ya kira Inna, to da lasifikar zai amsa, kasuwa duk ta ji.