Sunanki a Juye

Zuwa ga Dik Kinasih, garwashin da na haɗiya da gangan, ruwan farko a kan busasshiyar gonar shinkafa, mai yatsu baƙi ƙirin da tawada, wadda dariyarta ke kwance min kai. Ina gaishe ki daga gadon asibiti. Ki yi haƙuri da wannan rubutu kamar tonon kaza, da hagu nake yi, damar tana cikin ɗauri.

Kin tuna ranar da na fara ganinki, a bayan shagon gyaran babur? 'Yan pank, matasan nan masu bijire wa azzalumai da kiɗa da zane, sun cika wurin, gashi tsaye kamar zankon zakara, ganga na tashi. An shafa tawada a allon katakon da kika sassaƙa, an shimfiɗa takarda a kai, kowa ya tuɓe takalmi yana tattakawa yana rawa don zanen ya kama. Da aka ɗaga, sai ga mai kamfanin yashi da kan alade, sanye da kwat, yana zuƙe koginmu ta hanci. Ni kuwa ina gefe rungume da jaka, ina jiran a miƙo min nawa ba tare da na ɓata ƙafa ba. Kika dube ni sama da ƙasa kika ce, "Mas Jatmiko, nan ba gidan tarihi ba ne. In kana so, tuɓe takalmi." Na tuɓe. Tun daga ranar nake taka rawa da kiɗanki, ban kuma gaji ba.

Shekara goma sha ɗaya ina tara zane-zanenku. Na ɓamɓaro daga bango, na ciro daga turakun lantarki, na tsamo daga kwata bayan an watsa zanga-zanga. Ku ba kwa sa suna, don zane na kowa ne, kuma abin da ba shi da suna ba a kama mai shi. Amma ni da shegen son adana, sai na riƙa rubuta sunan kowane mai sassaƙa a bayan takardarsa. Sau nawa kika yi min faɗa? Kin ce kabari nake haƙa muku da fensir, na yi dariya. Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho.

Ranar Talata da hantsi Mbok Darmi, maƙwabciyata mai suyar tempe, wainar nan ta waken soya, ta leƙo tana haki. Ta ce 'yan daban mai yashi na bin gida-gida suna neman hannun da ya sassaƙa aladen, ubangidansu ya rantse sai an sare shi. Na kwashi tarina gaba ɗaya, ɗari huɗu da ɗoriya, na cusa a murhunta. Wayyo Kinasih! Ɓerayen majalisa, kuraye masu hular kwano, alƙalin da ke auna talaka da kilo, duk na tsaya ina juya su da itace har suka zama toka. Na ji zafi kamar fatata ake soyawa, amma sunayenku sun tafi da hayaƙi.

Ɗaya ce na kasa ƙonawa, aladen farko da muka tattaka tare. Shi kaɗai ne ban rubuta suna a bayansa ba, amma kin san abin da ke gindinsa. Ranar da kika koya min riƙe wuƙa, na sassaƙa sunanki a guntun katako tiryan-tiryan, na manta mai sassaƙa a juye yake rubutu. Da na buga a ƙasan zanen sai ya fito a baibai, kika yi ta dariya har kika zauna a ƙasa. Ta yaya zan jefa wannan dariyar a wuta?

Da tsakar rana suka zo, su shida, da bututun ƙarfe da sarƙar babur. Suka ɓalle ƙofa, suka kifar da akwatunan da babu komai a ciki, haushin hakan ya ƙare a haƙarƙarina. Jini ya cika min baki, haƙori biyu suka faɗo a tabarma. Babbansu ya hango aladen rataye a bango, ya fasa gilashin da na sa shi a ciki da gwiwar hannu, ya ƙanƙance ido yana haɗa baƙi da kyar.

"Hi-sa-nik. Kai, wane ɗan iska ne Hisanik?"

Na ce wani ɗan tsibirin Sumatra ne, tun bara ya bar gari. Suka shimfiɗa hannuna a kan siminti suka tattaka, kamar yadda muke yi wa allo, sai dai su ba su tuɓe takalmi ba. Duk yatsan da ya ce ƙas sai su sake tambaya, ni ma in sake cewa Hisanik. Yatsu uku, amsa ɗaya. Ina ihu, amma can cikin raina wallahi daɗi nake ji, don yau wautata ta yi rana.

Sai dai sun tafi da takardar, ya hasken idona, kuma takardar shara-shara ce. Ranar da wani ya ɗaga ta ta baya yana fuskantar rana, ko ya gifta da ita gaban madubin mai aski, sunanki zai miƙe tsaye. Ni na jawo miki, da ƙin ƙona abu ɗaya. Don Allah kada ki zo duba ni, biyu daga cikinsu na zaune a bakin ƙofar asibiti suna busa taba. Ki hau mota yau ɗin nan ki tafi wurin gwaggonki a Lampung. Ki ɗauki wuƙaƙenki. Me yatsuna uku suka taɓa yi wa duniya in ban da tara takarda? Naki goma su ne suke sa azzalumi ya kasa cin tuwonsa, su na saya da nawa, kada ki bari cinikin ya tashi a banza.

Ko dutsen Merapi zai yi aman wuta ya binne garin nan, ko kogin ya ƙafe ƙaf, ni naki ne, kuma duk wanda ya sake taka ni Hisanik zai ji. Mbok Darmi za ta kawo miki wannan a ƙarƙashin ganyen ayaba. Ni da ban taɓa yar da ko guntuwar takarda ba, ina roƙonki abu ɗaya: kina gama karantawa, ki ƙona ta.

Naki har ƙasa ta rufe min ido,
Okimtaj