Mama Ta Haɗe Ɓerayen Ladi

Yaya Bulus,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Ina gajiya, yaya iyali? Mu a Kafanchan lafiya.

Hankalina ya kwanta yanzu. 'Yata Ladi ta kawo ɓerayen bincikenta gida saboda yajin aikin jami'a. Tana duba yadda garkuwar jiki ke kai wa ƙwayoyin halittar ƙwaƙwalwa hari idan ɓera ya tsufa, shi ya sa kejin tsofaffi daban, na ƙanana daban. Muna gona Mama ta haɗe su! Ladi ta sha kuka kafin ta tuna ta shafa wa tsofaffin shuni a wutsiya. Ta raba su tsaf.

Mama ta ce, "Ba a barin tsoho shi kaɗai, yara na gefe."

Kai ma ka ji, Yaya. Ka gaida kowa, ku sa mu a addu'a. Kirsimeti ka zo gida.

Ƙanwarka,
Rifkatu