Mayen Firigon Kwamanda

Litinin, 4 ga Maris, 1985
Gaisuwa da biyayya ga Kwamanda mai mulkin Gaya, da shugaban ƙungiyar Samariya Alhaji Bawa, ko da yake ba za su ga wannan rubutu ba. Ni Hamani Na'Allah, da na gama yaƙi da jahilci bana, ni aka zaɓa in shirya kyautar Samariya ga Kwamanda, wanda ya sayi sabon firigo na sanyaya ruwa. In kyautar ta karɓu, kujerar sakatare tawa ce.

Laraba, 6 ga Maris
Na kwance matacciyar rediyo, na ciro mayen ƙarfenta. Zan sa masa siffar yumɓu ya manne a ƙofar firigo don ado, kamar yadda na gani a garin Malanbil, ƙetaren kogi. Na gwada da siffar kifi. Matata Ajuma ta ce, "Malam, takalmin wa kake ginawa?"

Asabar, 9 ga Maris
Na bar kifi. Na gina Kwamanda da kansa: hula, gashin baki, tumbi gwargwadon girmansa. Masu tukwane sun gasa mini. Aiki ba rubutu aikin jahilai ne, don haka na rubuta sunan abin a ƙasansa da fenti: MAYEN ƘARFE. Wuri ya ƙare mini bayan harafi na huɗu, sauran ya zagaya ta baya. Mai ilimi zai juya.

Litinin, 11 ga Maris
Kwamanda bai juya ba.

Talata, 12 ga Maris
Yau dai bari in rubuta. Jiya a gaban jama'a Kwamanda ya ɗora mayen ƙarfen a firigo, ya kama ƙam. Sai ya sunkuya ya karanta da ƙarfi: "Ma-ye." Jandarma Alfari ya gyara riƙon bindiga.

"Wane ne wannan?" in ji Kwamanda.

Na tuna gidan kaso, na tuna 'ya'yana. Na ce, "Ni ne, ranka ya daɗe."

"Kai ne maye?"

"Ni ne."

Ya dubi tumbin yumɓu, ya dubi cikina. "Ka rame tun da aka gina ka. Ashe kurwar mutanen Gaya ba ta da maiƙo." Ya yi dariya, sannan kowa ya samu izinin yi.

Alhaji Bawa ya ce ba a damƙa wa maye sunayen jama'a. An ba abokin takarata Sumana kujerar.

Juma'a, 15 ga Maris
A kasuwa Fadima mai kifi ta ƙwala mini kira, "Maye, cinye mini mijina mana, ya ishe ni!" Na waiwaya. Na ce ta jira, na ƙoshi. Wai har na yi dariya. Tari ne.

Shaidun abin da ya faru a gidan Kwamanda: Alhaji Bawa, Jandarma Alfari, Sumana, da Ajuma, wadda ba ta wurin amma ta fi kowa iya ba da labarin.