Ruwan Ɗumin da Matata Ta Koyi Tafiya a Cikinsa

Zuwa ga Mai Girma Shugabar Council ta garinmu, da sauran kansilolin da suka zauna kan kasafin bana.

Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan kuna lafiya ku da iyalanku. Sunana Garba Ilu, direban bas a Manchester, mazaunin wannan ƙaramin gari, mai biyan harajin council kamar kowa. Da Hausa na rubuta, domin da ita nake iya faɗin abin da ke raina ba tare da inda-inda ba. Ƙanena da ke karatu a Birmingham, can Selly Oak, shi zai mayar muku da wasiƙar nan Turanci, kuma na roƙe shi kada ya sassauta komai.

A unguwar Gorton ta Manchester muke zaune da, ni da matata Rabi da 'ya'yanmu mata biyu, har ranar da ta yanke jiki ta faɗi a kicin, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Bayan an sallame ta daga asibiti, GP ɗinmu, wato likitarmu ta unguwa, ta ce motsa jiki cikin ruwan ɗumi zai taimaka mata. Mun sha nema kafin a kwatanta mana tsohon gidan wanka na garin nan, wanda ruwansa ke ɓuɓɓugowa da ɗuminsa daga ƙarƙashin dutse. Akwai kujerar da ke sauke mara lafiya cikin ruwa, akwai kuma safiyar da aka ware wa mata zalla. Ba don wannan safiyar ba, Rabi ba za ta shiga ba.

A cikin ruwan nan ta fara taka ƙafarta ba sanda. Da ta fito ranar, gashinta bai ma bushe ba, ta riƙe hannuna a bakin ƙofa ta ce, "Baban Amina, ashe ƙafar nan har yanzu tawa ce."

Jigilar jirgin ƙasa tana gajiyar da ita, sai muka tattara muka dawo nan. Mun bar kasuwar Gorton, da maƙwabtan da suka yi ta aiko mana da tuwo lokacin jinya, da Islamiyyar yara. Ni nake shan zirga-zirgar zuwa aiki yanzu, ban kuwa taɓa jin nauyinta ba.

Bara aka rufe gidan wankan, aka ce rufinsa za a gyara, na ɗan lokaci ne. Muka yi ta jira. Sai bana muka ji cewa kuɗin da aka ware don gyaran kun mayar da su ga aikin spa, wato otal na hutawa da wankan shaƙatawa don masu yawon buɗe ido, kuma ruwan wannan maɓuɓɓugar za a ja masa.

Na farko, ba na adawa da zuwan baƙi. Ina ganin shagunan da aka rufe a babban titi, na kuma san matasan garin nan suna bukatar aiki. Abin da ban gane ba shi ne dalilin da ya sa sai an kori marasa lafiya daga ruwan kafin masu lafiya su samu wurin hutawa.

Na biyu, taron jin ra'ayin jama'a da kuka kira. A saman bene aka yi shi, ranar aiki da hantsi, lif ɗin da ke hawa da mutane sama kuma a lalace. Maƙwabciyarmu Maureen, tsohuwar ma'aikaciyar masaƙa wadda ciwon ƙugu ke kai ta ruwan nan tare da Rabi, ta zo har gindin matakala ta juya. Ni na yi musayar aiki da wani abokina na hau. Wakilin kamfanin ya daɗe yana nuna hotuna masu kyau. Da na samu dama na tambayi makomar masu jinya, wani jami'inku ya ce za a yi wa mazauna gari rangwame. Na nemi a nuna mini kujerar sauke mara lafiya a zanen ginin, babu. Na tambayi safiyar mata, ya ce wannan sha'anin kamfani ne. A rahoton taron da kuka fitar, an ce babu wata babbar adawa.

Na uku, kun ce mu riƙa zuwa wurin ninƙaya na garin da ke maƙwabtaka da mu. Mun je. Ruwansa na 'yan wasan iyo ne, mai sanyi. Rabi na shiga ƙafar ta ƙage, aka fito da ita tana karkarwa. Ba mu koma ba.

Ranki ya daɗe, ga yadda take yau. Matar da ta fara hawa bene da kanta, yanzu a falo muka shimfiɗa mata gado. Har ta fara yin sallarta a tsaye, yanzu ta koma yi a kan kujera. Ba ta ƙorafi, sai dai duk safiyar da aka saba zuwa ruwa nakan same ta zaune a bakin taga.

Roƙona kaɗan ne. A sake zaman jin ra'ayi a ɗakin ƙasa, da yamma, a kuma saurari waɗanda abin ya shafa da bakinsu. Idan spa ɗin ya zama dole, tunda kuɗin jama'a ne a ciki, a rubuta a yarjejeniyar cewa za a bar tafki ɗaya don masu jinya, da kujerarsa da safiyar mata, a farashin da muka saba. Kafin nan, a toshe yoyon tsohon rufin a buɗe mana, ko da sau ɗaya ne a mako.

Yayar Rabi da ke unguwar Ladywood a Birmingham ta samo wani wurin ruwan ɗumi kusa da ita, har ta gyara mata ɗaki a flat ɗinta. Idan Rabi ta tafi, ni da yaran muna nan saboda aiki da makaranta, sai dai mu riƙa ganinta ƙarshen mako. Na roƙi yaya ta ɗaga mana ƙafa zuwa zamanku na gaba. Abin da kuka yanke ranar, shi zan gaya wa 'ya'yana.

Allah ya yi muku jagora, ya ba ku lafiya mai ɗorewa, kada ya jarrabe ku da ranar da za ku bukaci irin wannan kujera.

Wassalam.

Naku cikin girmamawa,
Garba Ilu