Kukan Saude a Filin Ƙwallo

Zuwa ga ɗana Yusha'u,

Bayan gaisuwa, ina fatan kuna lafiya, kai da mai jego Ramlat. Tun da na ji an mayar wa jaririya sunan mahaifiyarka Saude, bakina bai rufu ba. Ka gaya wa amaryata angonta na tafe da zarar an buɗe filin jirgi.

Ni lafiya lau, yaƙin da ake yi a nan bai cika isowa unguwarmu ba. An ɗage zaɓe, amma gwamnatin ƙasar nan ta ce ƙwallo ba za ta tsaya ba, shi ya sa kullum nake ba ciyawar filin ƙwallon da nake aiki ruwa. An hana 'yan kallo shiga, sai a kunna tsohuwar sowa a lasifika, kujeru wayam suna ihu. Mai lasifikar ya ce wasu masu muryoyin an riga an binne su.

Jiya ya sa mini kukan Saude da ka turo, ya cika filin. Sau uku na saurara. A bayan kukanta ban ji turmi ba, ko akuya ban ji ba.

Kada ka ɓoye mini. Kuna ƙauyenmu Babban Duhu, ko 'yan bindiga sun kore ku zuwa garin Safana?

Allah ya raya ta.

Mahaifinka, Ɗanjummai