Saƙon Ƙarfe Shida

Fatakwal, 4 ga Maris

Saifullahi,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Kullum ƙarfe shida saƙonka yake shigo min: "Na iso gidan Inna, lafiya lau." Jiya ƙanwarmu Mas'uda ta je gida daga Izom ta tarar da mahaifiyarmu kwance, ƙafa a kumbure, maganin hawan jininta ya ƙare tun kwana tara. Inna ta ce rabonta da ganinka mako biyar. To wa yake turo min saƙon? Aljani?

Na yanke shawara Inna ta koma Izom wajen Mas'uda. Ka huta.

Yayanka,
Bamalli

Suleja, 9 ga Maris

Yaya Bamalli,

Gaisuwa da girmamawa. Aljanin kai ne. Da ka zo Sallah kai ka karɓi wayata ka saita ta, ka ce duk lokacin da na kai ƙofar gidanmu na unguwar Wambai ta tura maka saƙo da kanta, don ba ka son yawan kira. Hanyata ta zuwa aiki Abuja ta bakin gidan take bi. Waya ba ta san shiga ba, wucewa ta sani.

Ban shiga ba, gaskiya ne. In na tsaya minti goma, cunkoso ya cinye min awa biyu, oga kuma ba ya jin uzuri. Amma mako biyar kana karanta jimla ɗaya, ko wasali bai canza ba, ba ka taɓa kiran Inna ka ji muryarta ba. Shekara goma sha ɗaya kana ba da umarni daga bakin teku. Ni ne mai laifin da ke kusa.

Ka huta lafiya.
Saifullahi

Fatakwal, 15 ga Maris

Saifullahi,

Bayan gaisuwa. Na karanta, na ji haushi, na sake karantawa. Ni na saita, ban musa ba. Na so in riƙa tashi daga gadi da safe in kwanta da kwanciyar hankali, sai na ƙera abin da zai riƙa ba ni ita. Wannan laifin nawa ne.

Naka kuma shi ne ka san saƙon yana tafiya, kana jin wayar tana motsi a aljihu, ka ƙara wuta. Kada ka haɗa su. Ka goge abin nan yau. Maganar Izom tana nan, ka kai Inna da kanka ranar Asabar.

Allah ya shirye mu duka.
Bamalli

Suleja, 21 ga Maris

Yaya,

Gaisuwa. Na goge, na shiga, na sayo maganin. Inna ta ce ba inda za ta. Ta ce kuma kada in ƙara ba ka labarinta, ni ko Mas'uda. Mai son sani ya zo ya duba.

Wassalam.
Saifullahi